PIERRE VERNIER (1580-1637): MUN RIƘE SUNANSA A HANNU BA MU SAN SHI BA

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, na tabbata duk wanda ya yi ajin kimiyya a cikinmu bai manta da wani ɗan ƙarfe mai baki kamar na kada ba, wanda malamin Fizis kan fito da shi daga akwati yana lallaɓawa sai ka ce ƙwai. Mu dai baniya kalifa muke kiransa. Mun taso a ƙasar Isa da Sabon Birni inda ake auna yadi da kamu, gona da taki, hatsi da mudu, sai ga shi rana tsaka an ce mu auna kaurin waya har zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita. Da yawanmu mun ɗauka kalmar baniya Turancin ƙarfen ce kawai. Ashe sunan mutum ne, bakinmu ne ya lanƙwasa shi.

Shi dai Pierre Vernier an haife shi a shekarar 1580 a Ornans, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Loue a lardin Franche-Comté. A yau lardin yana gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan, amma a zamaninsa yana ƙarƙashin sarautar Sifen ne, bai koma hannun Faransa ba sai a 1678. Wato shi ma ɗan bakin iyaka ne kamar mu: harshensa Faransanci, sarkinsa kuwa yana can wata ƙasa. Wurin mahaifinsa, Claude Vernier, ya koyi lissafi da awon ƙasa. Da ya kawo ƙarfi sai ya shiga aikin hukuma. Ya riƙe muƙamin shugaban ganuwar Ornans, ya yi aikin ƙarfafa tsaron birnin Besançon har mutanen birnin suka ba shi matsayin ɗan gari don godiya, an kuma ɗora shi a kan gidajen buga kuɗi na lardin. Ka ga ke nan duk ayyukansa na awo ne. Mai gina ganuwa da mai buga tsabar azurfa, in suka kuskure da ɗan kaɗan, jama'a ce ke shan wahala.

Matsalar da ta dami masana a lokacin ita ce auna kusurwa. Masu nazarin taurari da matuƙan jiragen ruwa da masu zana taswira duk suna aiki da wani faranti na tagulla mai siffar rubu'in da'ira, wanda aka tsattsaga gefensa digiri-digiri. To, in allura ta faɗa tsakanin zane biyu fa? Sai kintace. In kuwa aka ce a ƙara yawan zanen, hannun maƙeri ba zai iya tsaga su daidai ba, ido ma ba zai rarrabe su ba. Wani masani ɗan Fotugal, Pedro Nunes, ya kawo dabara a 1542: a zana da'irori masu yawa a cikin juna, ta farko a kasa ta 90, ta biye 89, ta biye 88, haka har ƙasa, da fatan allurar za ta dace da zane a ɗaya daga cikinsu. Dabara ce mai kyau a takarda, amma ƙera ta jan aiki ne, karanta ta kuma sai an zauna an yi dogon lissafi. Christopher Clavius, wanda ya yi aikin gyaran kalandar da muke amfani da ita, shi ma ya taɓa ƙoƙarin sauƙaƙa ta.

A 1631 Vernier ya buga wani ɗan littafi a Brussels a kan sabon rubu'in da'irarsa. Abin da ya yi shi ne ya watsar da tarin da'irorin nan, ya bar ma'auni biyu kacal: babba wanda ke tsaye, da ƙarami wanda ke zamewa a jikinsa. Ya kasa babban rabin digiri-rabin digiri. Sai ya ɗebi tsawon gida 31 na babban, ya kasa shi gida 30 a kan ƙaramin, ta yadda kowane gidan ƙaramin ya ɗara na babban da minti ɗaya na kusurwa. Da gangan ya sa suka saɓa, kuma a cikin saɓanin nan amsar take.

Bari mu dawo kan namu na makaranta, don lissafinsa ya fi sauƙi. Babban ma'aunin rula ce ta milimita. A kan ƙaramin an ɗebi tsawon milimita 9 an kasa shi gida 10, saboda haka kowane gida milimita 0.9 ne, ya gaza na babban da 0.1. In bakin a rufe yake, sifili na kan sifili, zane na ɗaya ya rage 0.1 ya cim ma abokinsa na sama, na biyu 0.2, na uku 0.3, har zuwa na goma. Da ka buɗe bakin da 0.3, sai zane na uku ya hau daidai kan wani zane na babban, sauran duk su kauce. Ke nan ba a nemi idonka ya ƙiyasta faɗin da bai kai kaurin farce ba. Abin da aka nema kawai shi ne ka ga inda layi biyu suka zama ɗaya, wannan kuwa ido ya gwanance da shi ƙwarai. A ganina nan ne hikimar mutumin take. Misali, ka matse ƙusa, sifilin ƙaramin ya wuce milimita 12 bai kai 13 ba, zane na bakwai kuma shi ya dace: kaurinta milimita 12.7. Manyan haƙoran na auna kauri daga waje, ƙananan da ke sama na auna faɗin rami kamar bakin bututu, siririyar wutsiyar da ke leƙowa ta baya kuma zurfi take aunawa. Waɗanda aka kasa milimita 49 gida 50 suna kaiwa har 0.02.

Sai dai akwai sharaɗi, wanda ni na koye shi da kuka. Dole ka fara rufe bakin ka duba ko sifili na kan sifili, in akwai ragi ko ƙari ka cire shi daga amsarka. A wani gwajin firatikal na yi gaggawa ban duba ba, na auna komai tsaf, duk amsoshina suka ɗara da 0.2. Malam ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su za su tuna, don sun daɗe suna yi mini tsiya.

Wani abin mamaki shi ne, Vernier bai ƙera kalifa ba, kusurwa yake aunawa. Bayansa ne aka ɗora dabararsa a kan ma'aunin tsawo. A 1851 Joseph Brown na garin Providence a Amurka ya fara ƙera irin wadda maƙeri talaka zai iya saye, mai auna kashi ɗaya cikin dubu na inci. Daga nan ta bazu cikin masana'antu, har ta iso hannun bakaniken da zai duba ko fistin injin ban-ruwan fadama ya cinye. Yanzu akwai mai batir da ke nuna lamba da kanta, amma tsohuwar ba ta mutu ba, tun da ba ruwanta da batir.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo cikin tashin hankali. Yaƙin nan na shekara talatin ya malalo lardinsu, sojojin Faransa suka kewaye Dole, babban birnin lardin, a 1636, annoba da yunwa suka biyo baya. Ya rasu a garinsu Ornans ranar 14 ga Satumba, 1637. Littafinsa bai yi tashe ba a lokacin, ko da aka fara aiki da dabarar ma sunan Nunes aka laƙaba mata, ana kiranta noniyus, har yau kuwa haka Jamusawa ke cewa. Sai bayan shekara fiye da ɗari, wajen zamanin da Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa, wani masanin taurari Bafaranshe, Jérôme Lalande, ya tsaya a kan a kira ta da sunan mai ita. A yau akwai titi a tsakiyar Ornans mai sunansa, haka ma makarantar sakandaren garin.