Doug Nicholls: Ɗan Ƙwallon Ƙauye Da Ya Zama Gwamna

Da an ce ƙwallo, hankalin yawancinmu Firimiya yake tafiya ko La Liga. To a Ostireliya suna da wata ƙwallon daban, tasu ta gida. Siffar ƙwai gare ta, filin ma haka yake, kowane ɓangare mutum 18. Ana bugawa da ƙafa, ana cafewa da hannu, ana karo kamar raguna. Wasa ne na dogaye majiya ƙarfi. Amma cikin mutanen da aka fi girmamawa a tarihinsa akwai wani ɗan ƙauye mai tsayin santimita 158 kacal, wato Doug Nicholls. Gajere dai ba yaro ba ne.

An haife shi ranar 9 ga Disamba, 1906, a Cummeragunja, bakin kogin Murray. Ɗan ƙabilar Yorta Yorta ne, cikin Aborijin, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Ƙauyen nasu sansani ne da hukuma ke juya mutanensa yadda ta ga dama. Yana ɗan shekara takwas 'yan sanda suka zo suka tafi da yayarsa Hilda da ƙarfin tsiya, aka kai ta gidan da ake horar da 'yan matan Aborijin aikatau. Karatunsa bai yi nisa ba, ya faɗa aikin gonakin tumaki, yana shafa musu kwalta a inda almakashi ya yanke su wajen aske gashi.

Abin da Allah ya ba shi shi ne gudu. Ya fara suna a ƙungiyar Tongala, wani ƙaramin gari a karkarar jihar Victoria, sannan a 1927 ya nufi birnin Melbourne gwada sa'a a babbar ƙungiyar Carlton. Nan fa ya ga wulaƙanci. Masu yi wa 'yan wasa tausa suka ƙi taɓa jikinsa, wasu suna cewa wai yana wari. Laifinsa ɗaya, launin fatarsa.

Bai tattara ya koma gida ba. Ya shiga Northcote, suka ɗauki kofi a 1929, kuma a shekarar ya lashe gasar tsere ta Nyah da ta Warracknabeal. Har dambe ya yi a ayarin Jimmy Sharman mai yawo gari-gari don neman na abinci. Daga 1932 zuwa 1937 ya buga wa Fitzroy wasa 54 a babbar gasar jihar. A can ne tauraron ƙungiyar, Haydn Bunton, ya lura Doug na sauya kaya shi kaɗai a gefe, sai ya koma kusa da shi, suka ƙulla abota. A 1935 ya zama Aborijin na farko da aka zaɓa cikin tawagar jihar Victoria. Ciwon gwiwa ne ya raba shi da fili.

Da a nan labarin ya tsaya, da tuni an manta da shi. Doug ya gane cewa Baturen da ke yi masa tafi a filin wasa zai iya tsayawa ya saurare shi a wajen fili, sai ya yi amfani da wannan dama. Ranar 26 ga Janairu, 1938, yayin da Turawa ke bikin cika shekara 150 da sauka a ƙasar, yana cikin waɗanda suka taru a Sydney tare da dattijo William Cooper suka kira ta ranar makoki. Ya zama fasto, cocinsa da ke titin Gore a unguwar Fitzroy ya zama mafakar Aborijin da suka shigo birni ba masauki ba aiki. Shi da matarsa Gladys suka riƙa nema wa matasa wurin kwana. Ya kuma yi ta yawon wayar da kai gabanin ƙuri'ar raba gardama ta 1967, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari suka amince a riƙa lissafa Aborijin cikin yawan jama'ar ƙasa.

A 1972 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir, shi ne Aborijin na farko da ya samu. A Disamban 1976 aka naɗa shi Gwamnan jihar Kudancin Ostireliya, amma bugun jini ya sa ya sauka bayan wata biyar. Ya rasu ranar 4 ga Yuni, 1988, aka mai da shi Cummeragunja aka binne.

Tun 2016 gasar AFL, mafi girma a wannan wasa, ke ware zagaye na musamman da sunansa duk shekara, ƙungiyoyi suna sa riguna masu zanen Aborijin. Har da Carlton, wadda ta ƙi taɓa jikinsa.

Mu da muke ƙirga mabiya a TikTok da Instagram kullum, ga abin dubawa. Wasa 54 ba wani adadi ba ne, dubban 'yan wasa sun wuce shi. Abin da ya yi da sunan da ƙwallo ta ba shi ne ya sa har yau ake kiran sunan.