Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Mai Baitulmali da Makarantu

A cikin sarakunan ƙasar Hausa da suka ga shigowar Turawa, kaɗan ne suka bar suna kamar Alhaji Muhammadu Dikko, Sarkin Katsina. Jama'a sun san shi da son dawaki, sun kuma san ya sauke farali a shekara ta 1921, ya bi ta Ingila ya gana da Sarki Joji na Biyar. Amma babban gadon da ya bari shi ne tsarin da ya sa kuɗin da talaka ya biya bisa gonarsa da shanunsa suka shiga littafi, har wani kashi nasu ya koma makaranta.

An haife shi a shekara ta 1865 a gidan Durbi Gidado, cikin zuriyar Sulluɓawa. Ya tashi a zamanin da Katsina da Maraɗi ba su daina kai ma juna yaƙi ba, daga baya ya riƙe sarautar Durbi ta gidansu. Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, kana suka ɗora Dikko. Da yake bai fito daga gidan Dallazawa ba, wanda ke riƙe da sarauta tun jihadi, ya hau gado da masu ƙinsa da yawa, kuma ya san sai da aiki zai zauna.

Kafin wannan lokaci, hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ke fita ƙauyuka karɓar kuɗin ƙasa. Kowane hannu kuɗin suka bi sai ya rage nasa, babu kuwa mai lissafin abin da ya isa fada. A zamanin Dikko aka tura hakimai su zauna cikin gundumominsu. Shi da Baturen mulki Richmond Palmer suka kafa baitulmali, kuma Katsina ce ta fara. Malaman taki suka riƙa auna gonaki da ƙafa, ana yanka haraji gwargwadon faɗin gona, ana karɓar jangali bisa kowane kan saniya. Abin da aka tara a raba shi biyu: rabi na gwamnatin Turawa, rabi na baitulmali. Daga nan ake biyan albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, saura a yi aikin gari. Cikin ƴan shekaru tsarin ya bazu ga sauran masarautu, har Barno, wadda Komadugu ta raba da ƙasar Diffa, inda Palmer kansa ya zama Razdan a 1917.

Daga wannan asusu ne aka riƙa gina makarantun elementare, ana biyan malamansu. Dikko bai tsaya ga ba da kuɗi ba, ya sa ƴaƴansa karatun boko a lokacin da manya da yawa ke ƙyamarsa. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina ta horon malamai. Ita ta gwamnati ce, amma makarantun da baitulmali ke riƙe da su ne ke aiko mata ɗalibai, su ne kuma ke karɓar malaman da ta yaye. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a nan suka yi karatu. Wajen 1930 kuma aka buɗe makarantar ƴan mata a Katsina da goyon bayansa.

Sai dai tarihi ba ya ɓoye nauyin da talaka ya ɗauka. Harajin da tsabar kuɗin Turawa ake biyansa, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma yunwar 1914 ta iske mutane da wannan kaya a ka. An yi ta kuka da malaman taki masu ƙara ma wani awo su rage ma wani. Albashin masu sarauta ke cinye kaso mafi tsoka, abin da ke isa ga ilimi kaɗan ne. Yawancin waɗanda suka fara zama a aji ƴaƴan sarakai ne da barorinsu, alhali manomi ne ya biya kuɗin allon.

Dikko ya rasu a 1944, bayan shekara 37 bisa gado, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.

Tambayar da zamaninsa ya bari ba ta tsufa ba. A Nijar an yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, aka ɗora musu tara kuɗin gari da yi ma gari aiki da su. Manomin tattasai na bakin Komadugu, da makiyayi, da mai kanti a kasuwar Diffa, kowanensu in ya biya yana da haƙƙin ya san nawa aka tara, nawa aka ware ma lakwal, ɗan wane ne kuma ke zaune a cikinta. Dikko ya nuna cewa kuɗin da aka rubuta suna iya zama aji. Abin da ya rage ma na baya shi ne ajin ya zama na kowa.

Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.