Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo da Rubuta Nasaba



A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai gidajen malamai da na sarauta masu danganta asalinsu da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin Shehu ya zauna a wannan ƙasa yana wa'azi tun kafin jihadi. Amma idan aka tambayi mai gida sunan kakan kakansa, sau da yawa sai magana ta tsaya. Alhali kuwa sanin nasaba abu ne da shari'a ta rataya hukunce-hukunce a kansa, kamar rabon gado da waliccin aure da sada zumunci, kuma aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta yi umurni a riƙa danganta kowa ga ubansa na gaskiya. Daga cikin malaman ƙasar Hausa, wanda ya bar kyakkyawan misali a wannan fanni shi ne ƙanen Shehu, watau Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu.

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1766 zuwa 1767 ta Miladiyya, saboda haka Shehu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi ga yayansa. Daga nan bai rabu da Shehu ba, zaune ko a tafiye, yana ɗaukar karatu wurinsa da wurin sauran malamai. Yawancin malaman nan nasa kuwa baffanninsa ne da kawunnansa, domin gidansu gidan ilmi ne tun kaka da kakanni.

Wajen 1786 Shehu ya shigo Zamfara tare da almajiransa, ya yi kimanin shekara biyar yana kiran mutane zuwa ga addini, Malam Abdullahi yana tare da shi. Sun zauna a wani gari mai suna Daura a ƙasar Zamfara, wanda ba shi ne Daurar da ke Jihar Katsina ba, sun kuma zauna a Faru, ta ƙasar Maradun. A Daura ne wani malami mutumin Barno, Mustafa Goni, ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar yadda mata suke halartar wa'azinsa. Shehu ya umurci ƙanensa ya ba da amsa, shi kuwa yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka, ya mayar da martani cikin waƙar Larabci, yana nuna cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni. A cikin waɗannan shekaru ne kuma suka karanta Sahihul Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda yake ɗan'uwansu ne ta wajen uba da ta wajen uwa.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami, kusa da Faru, lokacin Babbar Salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abubuwa biyar a maimakonta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a ƙuntata wa talakawa da haraji. Bawa ya amince.

Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Malam Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, shi ne kuma ya jagoranci rundunar Musulmi a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. A farkon yaƙin, Sarkin Mafara da Sarkin Burmi, wanda sarautarsa take a Bakura, suna cikin sarakunan Zamfara da suka karkata ga jama'ar Shehu. Bayan asarar da aka yi a Tsuntsuwa, jama'a suka komo Sabon Gari a ƙasar Zamfara, kuma daga nan ne Malam Abdullahi ya ɗaura yaƙin da aka ci Birnin Kabi a 1805.

Sai dai nasara ta zo da abin da bai yi masa daɗi ba. Ya ga kwaɗayin ganima da son sarauta sun shiga zukatan waɗansu mabiya, saboda haka a 1807 ya bar sansani da niyyar tafiya Makka da Madina. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo wurin Shehu. A 1812 Shehu ya raba aikin tafiyar da ƙasa, ya ba shi yamma, ya ba Muhammadu Bello gabas.

A wannan lokaci, ƙurar yaƙi ta lafa, dattawa da malamai da yawa sun yi shahada ko sun rasu, sai Malam Abdullahi ya zauna ya rubuta abin da ake tsoron ya salwanta. A shekara ta 1227 (1812) ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu. A 1228 (1813) ya wallafa Tazyinul Waraƙati, inda ya tara waƙoƙinsa, yana bayyana dalilin kowace waƙa da wurin da aka yi ta. Yana kuma da ɗan littafi mai suna Kitabun Nasabi a kan asalin danginsa. Mafi yawan abin da aka sani game da zaman Shehu a Zamfara ya fito ne daga rubutunsa da na Sarkin Musulmi Bello da na Waziri Giɗaɗo.

Ga yadda ya jera nasabarsa. Shi ɗan Muhammadu Fodiyo ne, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, ɗan Buba Baba, ɗan Musa Jakollo. Musa ɗin nan shi ne ya taso da Toronkawa daga Futa Toro, a bakin kogin Senegal, ya sauka da su a ƙasar Ƙonni, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu. Daga Ƙonni zuriyarsa suka gangaro Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754, sa'an nan Degel. Tsakanin Malam Abdullahi da Musa akwai iyaye 11 idan an haɗa da Musa. Masu tarihi sukan ƙiyasta kimanin shekara 30 ga kowane uba, watau wajen shekara 330 ke nan, da wannan lissafi ne suka sanya zuwan Musa cikin ƙarni na 15 na Miladiyya.

Jerin uba bayan uba ya tuƙe ne ga Musa Jakollo. Abin da ya wuce nan, Malam Abdullahi ya kawo shi a matsayin abin da suka ji daga magabata, cewa Fulani sun fito daga tsatson wani Balarabe mai suna Uƙba, wanda ya auri 'yar Toronkawa. Shi ya karkata ga karɓar wannan riwaya. Ɗan yayansa kuwa, Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, bai yanke ko wane Uƙba ake nufi ba, ko ɗan Nafi'u, ko ɗan Amiru, ko ɗan Yasiru. Uƙba ɗan Nafi'u, wanda ya kafa birnin Ƙairawan a Tunisiya, ya yi shahada a 683, saboda haka tsakaninsa da Musa Jakollo akwai fiye da shekara 700. Darasin da ke nan shi ne, manyan malaman nan biyu sun bambanta abin da suke da sunayensa a jere da abin da suka ji kawai, kuma saɓaninsu a kan asalin gidansu bai zama abin kunya gare su ba.

Wannan hali ya samo shi ne daga ilmin hadisi, inda ba a karɓar magana sai an san wanda ya ji ta daga wa. Shi ya sa ya kula da salsalar malamai kamar yadda ya kula da ta iyaye. Alhaji Muhammadu ɗan Raji ya yi aikin Hajji, ya karɓi ijaza a Madina, Malam Jibrila ɗan Umaru kuwa, babban malamin Shehu da Abdullahi, ya karɓi tasa a Alƙahira wurin Murtala Zabidi. Da haka karatun da aka yi a ƙauyukan Gobir da Zamfara ya sadu da na Hijaz da Masar, kuma ana iya bin sa suna bayan suna.

Darajar irin wannan rubutu takan fito fili idan aka dubi waɗanda aka raba da shi. Daga Futa Toro ɗin nan da Musa Jakollo ya baro aka kama wani malami mai suna Umaru ɗan Sa'idu, aka kai shi Amurka aka sayar a 1807. A 1831, shekara biyu bayan rasuwar Malam Abdullahi, ya rubuta tarihinsa da Larabci a jihar Karolina ta Arewa, ya ambaci mahaifarsa da malamansa. Mafi yawan bayin da aka kai can ba su sami yin haka ba. Ƙidayar jama'ar Amurka ba ta fara rubuta sunayen mafi yawansu ba sai a 1870, bayan an 'yanta su. Saboda haka jikokinsu masu neman asali sukan koma ga takardun haraji da na sayar da gonaki da wasiyyoyin iyayengiji, inda aka lissafa kakanninsu tare da dabbobi da kayan gida.

A nan ƙasar ma akwai takardun da mai neman asalinsa zai duba bayan littattafan malamai. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun bi gundumomin lardin suna rubuta rahotannin ƙiyasta haraji da jangali, a ciki sukan kawo sunayen ƙauyuka da dagatai da nasabar gidajen hakimai. Ana samun irin waɗannan takardu na Lardin Sakkwato a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma littattafan kotunan alƙalai, inda aka rubuta shari'o'in gado da na gonaki tare da sunayen magada, da rubuce-rubucen da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma a yi hattara, domin Bature ya rubuta abin da aka gaya masa ne ta bakin tafinta, mai ba da labarin kuwa wataƙila yana da buƙata a sarauta ko a gona. Daɗin daɗawa, sunaye irin su Muhammadu da Usmanu suna maimaituwa a kowane gida, sai a ɗauki jika a matsayin kaka. Ba a dogara ga takarda ɗaya sai an gwada ta da wata, an kuma gwada su da abin da tsofaffin gida suka riƙe.

Malam Abdullahi bai mai da nasabarsa tsanin neman mulki ba. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya koma. Abin ya sosa masa rai, suka yi 'yan shekaru ba sa ga-maciji, har lokacin da mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, Bello ya kawo masa ɗauki. Bayan an ci garin, baffan ya yi wa ɗan yayansa mubaya'a, zumunci ya koma yadda yake. Ya ƙarasa kwanakinsa a Gwandu yana karantarwa yana wallafa littattafai. Daga cikin abin da ya bari akwai tafsirinsa Liya'ut Ta'awili da Kifayatu Lu'afa'is Sudan, da Bahrul Muhiɗi a fannin nahawu, da Hisnur Rasini a fannin sarfu. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245, daidai da 1829. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa kuma Halilu.

Abin da ya kamaci kowane mai gida shi ne ya zauna da tsofaffinsa tun suna da rai, ya rubuta sunayen iyaye maza da mata da garuruwan da suka zauna da malaman da suka karantar da su, ya ware abin da aka tabbatar daga abin da aka ji, ya kuma tsaya inda saninsa ya tsaya. Danganta kai ga wanda ba uba ba, ko da sharifi ne ko waliyyi, laifi ne babba a shari'a, kuma aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta nuna cewa fifiko wurin Allah yana ga tsoronSa. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Shehu da sauran magabata, Ya ba zuriya ikon riƙe zumunci da gaskiya, amin.