GRACE HOPPER: MALAMAR LISSAFIN DA AKA SA WA JIRGIN YAƘI SUNANTA

A wannan makon na kawo muku tarihin wata mata 'yar ƙasar Amurka mai suna Grace Hopper, tare da labarin jirgin ruwan yaƙin da yake ɗauke da sunanta. Na zaɓe ta ne saboda sau da yawa an rufe mata ƙofa, ita kuma ba ta taɓa juyawa ta koma gida ba. Duk wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa, ko aka taɓa ce masa ba zai iya ba, ina roƙonsa ya tsaya ya karanta har ƙarshe.

Ƙuruciyarta

An haife ta ranar 9 ga Disamba, 1906 a birnin New York. Sunanta na gida Grace Murray, kuma ita ce babba a cikin 'ya'ya 3. Mahaifinta yana sana'ar inshora, mahaifiyarta kuwa mai son lissafi ce sosai.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tana da shekara 7 ta so ta san abin da yake sa agogon ƙararrawa ya yi ƙara. Ta kwance ɗaya, ta kasa mayar da shi. Ta ɗauko wani ta kwance don ta ga inda ta yi kuskure. Kafin mahaifiyarta ta farga, agogo 7 sun zama gutsi-gutsi. Mahaifiyar ba ta hana ta bincike ba. Ta dai bar mata agogo ɗaya, ta ce ta yi ta fama da shi.

Ƙofa ta farko da aka rufe mata

Tana da shekara 16 ta nemi shiga kwalejin Vassar, wadda a lokacin ta mata ce zalla. Ba a ɗauke ta ba, domin makinta a darasin harshen Latin bai kai ba. Sai ta jira shekara guda, ta ƙara shiri, ta sake nema, aka ɗauke ta. Ta gama a 1928 da digiri a lissafi da kimiyyar fizis. Daga nan ta wuce Jami'ar Yale, ta yi digiri na biyu a 1930, ta kuma sami digirin dakta a lissafi a 1934. Mata ƙalilan ne suke kaiwa wannan matsayi a wancan zamani.

A 1930 ta auri wani malami mai suna Vincent Hopper, a wurinsa ta samo sunan Hopper. Tun daga 1931 ta fara koyar da lissafi a Vassar, makarantar da ta ƙi ɗaukarta da farko.

Ƙofa ta biyu

Ranar 7 ga Disamba, 1941 jiragen saman Japan suka kai hari a tashar jiragen ruwan sojan Amurka da ke Pearl Harbor a tsibiran Hawaii. Wannan ya jefa Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Ku riƙe sunan wannan tasha, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Grace ta je ta shiga sojan ruwa, aka ƙi ta. Aka ce shekarunta sun yi yawa, ga shi ba ta da jiki, nauyinta ya gaza abin da ake buƙata da kusan kilo 7. Aka kuma ce aikinta na koyar da lissafi ya fi amfani ga ƙasa. Ba ta haƙura ba. Ta ɗauki hutu daga makaranta, ta yi ta nema har aka ɗaga mata ƙafa, aka rantsar da ita a rundunar ko-ta-kwana ta sojan ruwa a watan Disamba, 1943. Da aka gama horar da su a 1944, ita ta zo ta ɗaya a ajinsu.

Kwamfuta mai cika ɗaki

Ba a tura ta teku ba. An tura ta Jami'ar Harvard, ta yi aiki ƙarƙashin wani masani mai suna Howard Aiken a kan wata na'urar lissafi da ake kira Mark I. Wannan na'ura ba irin kwamfutar da muka sani ba ce. Tsawonta ya kai mita 15, nauyinta kusan tan 5. Ana ba ta umarni ne da doguwar takarda mai huje-huje. Takan yi tarawa 3 a daƙiƙa ɗaya, amma ninka lamba da lamba yakan ɗauke ta kusan daƙiƙa 6. Wayar hannu mafi araha a yau ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Duk da haka, a lokacin ta taimaki sojoji da lissafin da zai ɗauki mutane makonni. Grace tana cikin mutanen farko da suka iya sarrafa ta, kuma ita ta rubuta babban littafin da yake bayanin yadda ake aiki da ita, wanda ya fito a 1946.

A 1947 na'urar da ta biyo baya, wato Mark II, ta sami matsala. Da abokan aikin Grace suka duba, sai suka tarar da wani ƙwaro irin mai bin hasken fitila ya maƙale a ciki. Suka ciro shi, suka manna shi a littafin rajistar aiki. Dama can injiniyoyin Turawa suna kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro, to ranar sai ga ƙwaro na gaske. Grace ta riƙa ba da wannan labari har ya bazu a duniya. Littafin da ƙwaron suna ajiye a wani gidan tarihi a birnin Washington.

Ƙofa ta uku

A 1949 ta koma aiki da kamfanin da ya ƙera kwamfutar UNIVAC. A lokacin, wanda zai ba kwamfuta umarni sai ya rubuta shi da lambobi da alamomi masu wuyar gaske. Ƙwararru kaɗan ne suka iya, kuma kuskure ba ya ƙarewa. Grace ta yi tunanin a samar da wata manhaja da za ta zama tafinta: mutum ya rubuta abin da yake so da kalmomin da ya sani, tafintan ya juya shi zuwa harshen da na'ura take ji. A 1952 ta kammala irin wannan manhaja ta farko, mai suna A-0.

Mutane da yawa ba su yarda ba. A ganinsu kwamfuta lissafi kawai ta iya, ba ruwanta da kalmomi. Ta shafe shekaru tana lallashinsu tana nuna musu a aikace. Ita da ma'aikatanta suka fito da FLOW-MATIC, wanda yake amfani da kalmomin Turanci. A 1959 aka kafa kwamitin da ya tsara harshen kwamfuta mai suna COBOL. Grace tana cikin masu ba kwamitin shawara, kuma an ɗauki abubuwa da yawa daga aikinta. Har yau akwai bankuna da ofisoshin gwamnati a ƙasashe da dama da suke amfani da shi. A 1969 wata ƙungiyar masana kwamfuta ta ba ta lambar yabon da sunanta yake nufin gwarzon namiji na shekara, alhali ga ta mace.

Ƙofa ta huɗu

A 1966 aka yi mata ritaya daga soja saboda ta cika shekara 60. Ba a yi shekara ba aka sake kiranta a 1967, domin kwamfutocin rundunar ba sa fahimtar juna, ana buƙatar mai daidaita su. An ce aikin na wata 6 ne, amma ya zarce. Aka sake yi mata ritaya a 1971, aka sake kiranta a 1972. Ta zama kyaftin a 1973, ta zama kwamado a 1983, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985. Sai a watan Agusta, 1986 ta ajiye kaki gaba ɗaya, tana da shekara 79. A lokacin babu hafsan sojan ruwan Amurka mai ci da ya kai ta shekaru.

Duk inda ta je lacca takan raba wa mutane guntayen waya, kowane tsawonsa kusan santimita 30, wato kamar rular da ke cikin jakarmu. Takan bayyana musu cewa iyakar nisan da saƙon lantarki zai iya tafiya ke nan a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Da haka manyan hafsoshi suke gane dalilin da ya sa saƙo ta tauraron ɗan'adam yake ɗaukar lokaci. A ofishinta kuma akwai agogon bango mai tafiya da baya, don ta nuna cewa sabo da abu ba shi ne hujjar cewa babu wata hanya ba.

Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, tana da shekara 85. An binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Jirgin da ya gaji sunanta

Bayan rasuwarta rundunar ta sa wa wani sabon jirgin ruwan yaƙi suna USS Hopper, mai lamba DDG-70. Irin jiragen nan ne da Turawa suke kira destiroya, wato mai ragargaza. Aikinsu shi ne raka manyan jirage da kare su daga harin sama, na kan ruwa da na ƙarƙashin ruwa. An ƙera shi a garin Bath da ke jihar Maine. An tura shi ruwa ranar 6 ga Janairu, 1996, ƙanwarta Mary ce ta ƙaddamar da shi. Ya fara aiki ranar 6 ga Satumba, 1997 a San Francisco. Kafin shi, mace ɗaya ce tak daga cikin sojojin ruwan ƙasar aka taɓa sa wa jirgin yaƙi sunanta, wato shugabar ma'aikatan jinya Lenah Higbee.

Tsawon jirgin mita 154 ne, kamar filin ƙwallo ɗaya da rabi. Gudunsa yakan wuce kilomita 55 a sa'a, kuma mutum kusan 300 ne suke aiki a cikinsa. Ina aka ba shi mazauni? Pearl Harbor, tashar nan da harin da aka kai mata ya sa Grace ta bar alli ta nemi kaki.

Jirgin ya yi tafiye-tafiye da yawa a tekun Pasifik da Tekun Fasha. Ranar 6 ga Janairu, 2008 yana ratsa mashigin Hormuz tare da wasu jiragen Amurka 2, sai ƙananan kwale-kwale 5 na Iran masu gudu suka matso kusa da su. An shiga zaman ɗar-ɗar, amma aka rabu ba a yi harbi ba. Amurka ta ce tsokana ce, Iran ta ce sintiri ne da aka saba. A watan Yuli, 2009, a wani gwaji kusa da Hawaii, jirgin ya harbo makami mai linzami tun yana sararin sama. A watan Janairu, 2018 ya wuce kusa da wani wuri mai suna Scarborough a Tekun Kudancin Sin, inda ƙasashe suke jayayyar mallaka, kuma ƙasar Sin ta nuna rashin jin daɗinta.

Ɗan'adam ba zai iya lissafa inda makami mai tsananin gudu zai bi a cikin ƙiftawar ido ba. Na'urar hango abu daga nesa da kwamfutocin jirgin ne suke yin wannan aiki, bisa umarnin da mutane suka rubuta musu. Grace ba ta taɓa jagorantar jirgin yaƙi ba, amma in babu irin aikin da ta yi, wannan jirgi ba zai ga gabansa ba.

Darasi gare mu

Ba yaƙi nake yabo ba, Allah ya ba duniya zaman lafiya. Abin da nake so mu ɗauka shi ne halinta. Darasi ɗaya ya hana ta shiga kwaleji, ta gyara ta dawo. An ce ta tsufa kuma ta rame, ta dawo ta zo ta ɗaya. An ce tunaninta ba zai yiwu ba, ta nuna shi a aikace. Mu kuwa wani ya faɗi gwajin lissafi sau ɗaya, shi ke nan ya ƙulla gaba da darasin har ya gama makaranta. 'Yan uwana mata, kada mu yarda a ce mana lissafi da kimiyya na maza ne. Malamanmu kuma, idan ɗalibi ya cika tambaya a yi haƙuri da shi, matambayi ba ya ɓata. Amma fa ban ce kowa ya je ya kwance agogon gidansu ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakiliyar ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, aji 2 na ƙaramar sakandare.