Walt Disney, mutumin da aka ƙwace wa zomo ya rama da ɓera

A ranar 22 ga watan Mayun 2025, kamfanin Universal ya buɗe Epic Universe a birnin Orlando na jihar Florida ta Amurka, wani katafaren wurin shaƙatawa da bai fi tafiyar rabin sa'a a mota ba daga na kamfanin Disney. Mako biyu kafin nan, Disney ya sanar da cewa za a gina masa sabon wuri a tsibirin Yas na Abu Dhabi, na farko a ƙasashen Larabawa. Kowane daga cikin kamfanonin biyu yana zuba miliyoyin daloli domin janye iyalai daga ƙofar ɗan'uwansa. Wannan takarar ta girmi wuraren shaƙatawar kansu. Ta faro ne a 1928, a kan wani zomo na zane, da wani matashi ɗan shekara 26 da bai mallaki abin da ya ƙirƙira ba. Sunansa Walt Disney. Ko wanda bai taɓa jin labarinsa ba ya san ɓeransa mai manyan kunnuwa, Mickey, da ke jikin riguna da jakunkunan ƴan makaranta a kasuwannin Maraɗi da Tasawa da Mayahi, har ma da Hawandawaki.

Daga gona zuwa Faransa

An haifi Walter Elias Disney ranar 5 ga Disamban 1901 a Chicago. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka koma gona a wani ƙaramin gari mai suna Marceline a jihar Missouri, inda ya fara zanen dawaki da sauran dabbobi. Noman bai karɓi mahaifinsa ba. A 1911 suka koma Kansas City, uban ya shiga sana'ar raba jarida, Walt da yayansa Roy suka riƙa tashi tun kafin asuba suna bin gidaje cikin sanyi kafin su wuce makaranta.

A 1918 ya ƙara wa kansa shekaru a takarda domin ya shiga ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge. Ya isa Faransa bayan an tsagaita wutar yaƙin duniya na farko, ya yi kusan shekara guda yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Da ya koma gida sai ya kafa ƙaramin kamfanin finafinan zane masu motsi a Kansas City, wanda ya karye a 1923. Ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya nufi Hollywood, inda shi da Roy suka kafa sabon kamfani a watan Oktoban shekarar. Haka suka raba aiki har ƙarshen rayuwa: Walt da dabara, Roy da neman kuɗi da biyan bashi.

Zomon da ya kuɓuce

A 1927 suka samu abin da ya fara kawo musu ciniki, wani zomo mai suna Oswald. Kamfanin Universal ne ke rarraba finafinan, ta hannun wani dillali, Charles Mintz. A watan Fabrairun 1928 Walt ya je New York neman ƙarin kuɗi. A can ya tarar da abu biyu. Mintz ya riga ya janye mafi yawan masu zanensa a ɓoye, kuma bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu, zomon mallakar Universal ne. Aka ba shi zaɓi: ya yarda a rage masa kuɗi, ko ya tafi hannu rabbana. Ya zaɓi tafiya.

Abokinsa Ub Iwerks na cikin ƙalilan da ba su bar shi ba, kuma shi ne ya zana Mickey da hannunsa, ko da yake sunan Disney duniya ta riƙe. Fim ɗin Steamboat Willie, wanda aka fara nunawa ranar 18 ga Nuwamban 1928, ya haɗa zane da sauti a daidai lokacin da sinima ke fara magana, ya kuma karɓu nan take. Tun daga wannan shekara Walt bai sake barin wani ya mallaki abin da kamfaninsa ya ƙirƙira ba. Wannan darasin ne daga baya ya ba shi damar sa Mickey a kan agogo da littafi da riga, ya kuma gina masa gari sukutum.

A Disamban 1937 ya fitar da dogon fim ɗin Snow White, wanda ya ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi, bayan da mutanen Hollywood suka yi ta hasashen cewa zai durƙusar da shi. Ribar fim ɗin ce ta gina masa sabon kamfani a Burbank. Sai dai zamansa da ma'aikata bai kasance lafiya lau ba. A 1941 masu zanensa suka shiga yajin aiki na makonni a kan albashi da ƴancin ƙungiya, abin da bai taɓa yafewa ba. A 1947 ya bayyana gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka, ya ambaci sunayen wasu daga cikin jagororin yajin a matsayin ƴan kwaminisanci.

Daga allon sinima zuwa fili

Wuraren wasa na Amurka a wancan zamani sun yi ƙaurin suna da ƙazanta da giya da ƴan damfara. Walt yakan kai ƴaƴansa mata biyu, Diane da Sharon, hawan dawakin katako masu zagaye a lambun Griffith na Los Angeles, shi kuma ya zauna a benci yana jira. Daga nan ya fara tunanin wurin da uba da uwa da yara za su yi nishaɗi tare. Ziyarar da ya kai lambun Tivoli na birnin Copenhagen a 1951 ta nuna masa cewa tsabta da furanni da ma'aikata masu ladabi ma haja ce da ake sayarwa.

Ba kowa ya yarda da shi ba, har Roy ya yi ɗari-ɗari da farko. Walt ya kafa wani kamfani nasa na kansa a 1952, ya ci bashi a kan inshorar ransa, ya sayar da gidansa na hutu. A ƙarshen 1953 wakilansa suka nuna tsarin ga manyan masu wuraren wasa a wani taro a Chicago. Su kuwa suka yanke cewa ba zai yi riba ba, saboda ƙofar shiga ɗaya ce tak, kuma an ware kuɗi masu yawa ga itatuwa da gine-ginen ado waɗanda ba a biyan ko sisi a kansu.

Kuɗin sun fito daga inda ba a zata ba. Manyan kamfanonin sinima na kallon talabijin a matsayin abokin gaba, Walt kuwa ya kai kansa. Tashar ABC ta zuba dala 500,000, ta tsaya masa a kan bashin dala miliyan 4.5, shi kuma ya ba ta shiri na mako-mako daga Oktoban 1954. Ta haka ya yi wata tara yana tallar wurinsa a cikin ɗakunan Amurkawa, ana kuma biyan sa.

An share kusan hekta 65 ta gonakin lemu a Anaheim, kudu da Los Angeles, aka kashe dala miliyan 17. Ranar buɗe Disneyland, 17 ga Yulin 1955, ta zo da rikici. An buga tikitin jabu, mutane suka ninka waɗanda aka gayyata, kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba har takalman mata na nutsewa, famfunan shan ruwa ba su aiki saboda yajin aikin masu haɗa famfo. Jaridu suka yi ta suka. Cikin mako bakwai mutum miliyan ɗaya ya shiga wurin.

Kishiyoyi sun taso

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da aka ga cinikin Disneyland, sai masu kwaikwayo suka fito. A 1958 tashar CBS, kishiyar ABC, ta haɗa hannu da wasu aka buɗe Pacific Ocean Park a bakin teku kusa da Los Angeles, wanda a kwanakinsa na farko ya fi Disneyland samun jama'a. A 1960 wani tsohon babban manajan Disneyland, C. V. Wood, ya buɗe Freedomland a New York.

Amsar Walt ita ce ƙara sabon abu. A watan Yunin 1959 ya buɗe abubuwa uku lokaci guda: dutsen Matterhorn da ƙananan jirage ke hawa da gangarowa a guje cikinsa, jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo ɗaya a sama, da jiragen ƙarƙashin ruwa. Ya fahimci cewa fim idan an gama shi an gama, amma fili ana iya yi masa ƙari kowace shekara, wanda ya zo bara ya samu dalilin dawowa bana. Freedomland ya rufe a 1964, Pacific Ocean Park ya bi shi a 1967. Wata kishiyar kuwa ta tsaya da ƙafafunta. A Yulin 1964, Universal, mai riƙe da zomon, ya fara zagayawa da baƙi cikin filin da yake shirya finafinansa a Hollywood, abin da ya rikiɗe ya zama wurin shaƙatawa.

Abin da ya fi damun Walt a Anaheim shi ne ƙarancin fili. Otal-otal da shaguna na wasu sun kewaye Disneyland suna cin arzikin baƙinsa. Saboda haka a 1964 da 1965 ya sayi kusan hekta 11,000 kusa da Orlando, ta hanyar kamfanoni masu sunaye daban-daban, domin kada masu filaye su gane mai saye su tsawwala farashi. Bai ga ginin ba. Shan taba na shekaru ya jawo masa sankarar huhu, ya rasu ranar 15 ga Disamban 1966 yana da shekara 65, ya kuma ci kyautar Oscar sau 22 a jimilla, adadin da har yau ba wanda ya kamo. Roy ya ɗage ritayarsa, ya buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoban 1971, shi ma ya rasu a Disamban shekarar.

Takarar da ya bari

Dabarar 1959 ita ce har yau ke tafiyar da wannan kasuwa. Da Universal ya shirya shigowa Orlando, Disney ya riga shi buɗe nasa wurin na finafinai a Mayun 1989, shekara guda kafin na Universal a Yunin 1990. A 2010 Universal ya buɗe sashen Harry Potter ya kwashe jama'a, Disney ya mayar da martani da sashen Avatar a 2017 da na Star Wars a 2019. A Faransa, Parc Astérix ya buɗe a 1989, shekara uku kafin Disney ya sauka Marne-la-Vallée a Afrilun 1992.

Abin da ke tafe ya fi haka girma. A Satumban 2023 Disney ya sanar da kashe kusan dala miliyar 60 cikin shekara goma a kan wuraren shaƙatawa da jiragen ruwan yawon buɗe ido. A Florida yana gina sashen motocin fim ɗin Cars da wani na miyagun taurarin finafinansa. A Paris, aikin faɗaɗawa na yuro miliyar biyu da aka sanar a 2018 ya haɗa da sashen La Reine des neiges. Universal kuwa ya sanar a Afrilun 2025 cewa zai gina wurinsa na farko a Turai kusa da Bedford ta Ingila, da fatan buɗewa a 2031.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare a nahiyar Afirka, kuma tikitin yini guda a Disneyland ya haura dala 100, wato sama da jika 50 ta CFA. Yaranmu da sallah gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ko gidan namun dajin Audu Bako a Kano suke zuwa, idan sun samu hali. Amma ɓangaren labarin da ya shafi mawaƙa da masu shirya finafinan Hausa da masu zane ba ya buƙatar miliyoyi. Walt ya rasa Oswald ne a kan takardar da aka sa wa hannu, kuma duk abin da ya gina daga baya ya tsayu ne a kan haƙƙin mallaka. A Nijar akwai ofishin BNDA mai kula da haƙƙin masu fasaha, ƙasar kuma mamba ce a ƙungiyar OAPI mai cibiya a Yaoundé, inda ake rajistar tambari da sunan haja.

Shi kansa zomon ya koma gida a Fabrairun 2006, shekara 78 bayan tafiyarsa, shekara 40 bayan rasuwar Walt. Kamfanin Disney ya karɓo shi daga NBC Universal, a cikin wata musaya da ta haɗa da sakin wani mai sharhin wasanni, Al Michaels, ya koma tashar NBC.