As-Suli, gwanin shaɗaranjin fadar Bagadaza

A farkon ƙarni na 10, lokacin da Bagadaza ke cibiyar daular Abbasiyawa, babu wanda ake ambata a wasan shaɗaranji kamar Abubakar Muhammad bin Yahaya as-Suli. Shaɗaranji shi ne kakan wasan da ake kira ces a yau, kuma as-Suli na cikin waɗanda suka fara mayar da buɗe wasan ilimi mai ƙa'ida.

Asalin gidansu Turkawa ne, shi kuwa marubuci ne, masanin tarihi da waƙa. Tauraronsa ya haska a zamanin Halifa al-Muktafi, wanda ya yi mulki daga 902 zuwa 908, sa'ad da ya doke al-Mawardi, gwanin fadar na wancan lokaci. Daga nan ya zama abokin hirar halifofi, har ya karantar da ar-Radi kafin ya hau gadon mulki.

Wasan zamaninsa yana da nawa. Soja taki ɗaya kawai yake yi, wazirin da ya zama sarauniya a yau kuma gida ɗaya yake matsawa a karkace. Saboda haka ɗan wasa kan ɓata taki goma ko fiye yana jera rundunarsa kafin a gwabza. Wannan jeri ana kiransa ta'abiya, kowanne da sunansa, kamar mujannah da sayyal. As-Suli ya tattara su a littafinsa na shaɗaranji, ya auna ƙarfi da raunin kowanne, ya ƙiyasta darajar kowane ɗan dara. Almajirinsa al-Lajlaj ya ɗora daga nan.

Sai dai alfarmar fada ba ta da tabbas. Bayan rasuwar ar-Radi a 940 ya rasa gindin zama, aka zarge shi da karkata ga zuriyar Sayyidina Ali, ya koma Basra, inda ya rasu cikin talauci wajen shekarar 946.

Littafin bai iso wannan zamani cikakke ba, sai gutsattsarin da marubutan baya suka kwafa. A cikinsu akwai wata matsalar ƙarshen wasa da ya yi alfaharin babu mai warware ta. Ta gagari masana kusan shekaru dubu, har sai da gwanin Tarayyar Sobiyet Yuri Averbakh ya warware ta a ƙarni na 20, ya tabbatar da cewa lissafin as-Suli daidai yake.