Beethoven: Makaɗin da ya kurumce, wanda har yau ake jayayya kan saurin kiɗansa

A daren 7 ga watan Mayun 1824, wani mutum mai shekara 53 ya tsaya a gaban gungun makaɗa da mawaƙa a wani gidan wasa da ke birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, yana kaɗa hannu yana buɗe shafukan takarda. Shi ya tsara kiɗan da ake yi, amma ba ya jin sa. Tun kafin a fara an gaya wa makaɗan su bi hannun wani jagoran daban mai suna Michael Umlauf.

Waɗanda suka ba da labarin daren sun ce da jama'a suka ɓarke da tafi bai san ana yi ba, domin ya ba su baya. Sai da wata matashiyar mawaƙiya, Caroline Unger, ta juyo da shi ya gani da idonsa.

Mutumin shi ne Ludwig van Beethoven, kiɗan kuma shi ne simfoninsa na tara, wanda daga shi bai ƙara kammala wani ba. Simfoni dogon kiɗa ne da gungun makaɗa masu goge da sarewa da ƙaho da ganguna ke yi tare, yawanci a kashi huɗu, ƙarƙashin jagora guda.

Shekara 200 bayan wannan dare, duk wanda ya nemi simfonin Beethoven a wayarsa zai tarar da ɗimbin faifai na jagorori daban-daban. Takardar kiɗan ɗaya ce, amma wani ya gama na taran cikin kusan minti 60, wani kuma sai ya kusa kai minti 80. Akwai masu sha'awar da ke tara waɗannan faifai suna kwatanta su shekara da shekaru. Asalin wannan saɓani yana cikin tarihin rayuwar mutumin.

Yaron Bonn

An yi wa Beethoven baftisma ranar 17 ga Disamban 1770 a Bonn, birnin da masu sauraron sashen Hausa na rediyon DW suka saba jin sunansa. Gidansu gidan kiɗa ne. Kakansa shi ne shugaban makaɗan fadar mai mulkin yankin, mahaifinsa Johann kuma mawaƙi ne a fadar.

Mahaifin ya so ɗansa ya yi suna tun yana ƙarami kamar yadda Mozart ya yi, don haka ya tsananta masa wajen koyon fiyano. A watan Maris na 1778 ya fito da shi gaban jama'a a birnin Kolon, har ya rage masa shekaru a sanarwar don a ƙara mamaki.

Mahaifiyarsa ta rasu a 1787, shaye-shayen mahaifin kuma ya ƙaru. A 1789 hukumomin fadar suka amince a riƙa bai wa Ludwig rabin albashin uban domin ya ciyar da ƙannensa biyu. Bai cika shekara 19 ba ya zama mai riƙe da gida.

A watan Nuwamban 1792 ya tafi Viyana domin ya yi karatu a hannun Joseph Haydn, babban mai tsara kiɗa na lokacin. Wata guda bayan tafiyarsa mahaifinsa ya rasu. Bai sake komawa Bonn ba.

Kunnen da ya fara toshewa

A Viyana ya fara yin suna ne a matsayin gwanin fiyano da manyan masu sarauta ke gayyata gidajensu. Ya gabatar da simfoninsa na farko ranar 2 ga Afrilun 1800. Sai dai a daidai wannan lokacin yana ɓoye wata matsala: kunnensa ya fara ƙara, kuma yana rasa jin sautuka masu siriri.

A 1802 likitansa ya ba shi shawarar ya je ya huta a ƙauyen Heiligenstadt da ke wajen birnin. A can, cikin watan Oktoba, ya rubuta wa ƙannensa wata doguwar wasiƙa inda ya bayyana kunyar da yake ji da yadda ya yi tunanin kashe kansa, da yadda aikin da bai gama ba ya hana shi. Bai aika wasiƙar ba. Sai bayan rasuwarsa aka tsince ta cikin takardunsa.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi albarka a aikinsa. Simfoni na uku, wanda ake kira Eroica, ya kai kusan minti 50, tsawon da mutanen lokacin ba su saba da shi ba. Da farko ya so ya sa masa sunan Napoleon, da yake yana ganinsa a matsayin mai kare 'yancin talaka. Da Napoleon ya naɗa kansa sarkin sarakunan Faransa a 1804, Beethoven ya kankare sunan daga shafin farko har takardar ta huje. Tana nan ajiye a Viyana.

Ranar 22 ga Disamban 1808 ya gabatar da na biyar da na shida a zama ɗaya. Taron ya ɗauki kimanin awa huɗu a zaure mai tsananin sanyi, makaɗan ba su samu isasshen atisaye ba, har aka ruɗe a kiɗan ƙarshe aka sake daga farko. A shekarar da ta biyo baya wasu masu sarauta uku suka yi masa alƙawarin kuɗin shekara-shekara domin kada ya bar birnin. Na bakwai ya fito a Disamban 1813 a wani taron tara wa sojojin da suka ji rauni kuɗi, na takwas kuma a Fabrairun 1814.

Na'urar auna sauri

Kafin zamanin Beethoven, mai tsara kiɗa kan rubuta kalma ɗaya ko biyu ta Italiyanci a saman takarda, mai nufin a yi sauri ko a tafi a hankali. Amma saurin wani ba shi ne na wani ba.

A 1815 wani maƙeri mai suna Johann Mälzel, wanda ya taɓa ƙera wa Beethoven ƙahon taimaka wa ji, ya yi rajistar wata na'ura da ake kira metronom. Tana da sanda mai lilo da ke bugawa sau adadin da aka saita ta a kowane minti. Beethoven ya karɓe ta hannu bibbiyu. A Disamban 1817 wata jaridar kiɗa ta birnin Leipzig ta buga lambobin saurin da ya ƙayyade wa simfoninsa takwas na farko.

Ga mutumin da ba zai iya zama a zaure ya ji ko ana yin kiɗansa daidai ba, lambobin nan su ne hanyar da ta rage masa ta yin magana da makaɗa. Daga 1818 ma da rubutu ake hira da shi: baƙo ya rubuta a littafi, shi kuma ya amsa da baki.

Rayuwarsa ta gida ba ta yi daɗi ba a waɗannan shekaru. Bai taɓa aure ba. Da ƙanensa Caspar Carl ya rasu a 1815, ya shiga shari'a da matar marigayin kan riƙon ɗansu Karl, aka yi ta bugawa har 1820 kafin ya yi nasara. Ya so yaron, amma ya takura masa matuƙa, har Karl ya yi yunƙurin kashe kansa a 1826, ya tsira da rauni a ka.

Cikin wannan hali ne ya kammala na tara, wanda wata ƙungiyar masoya kiɗa ta Landan ta biya shi ya rubuta. A kashin ƙarshe ya shigo da muryoyin mutane suna rera baitocin marubucin Jamus Friedrich Schiller kan farin ciki da 'yan'uwantakar ɗan Adam, abin da babu wani babban mai tsara simfoni da ya yi kafinsa.

Beethoven ya rasu ranar 26 ga Maris na 1827 yana da shekara 56, dubban mutane suka raka gawarsa. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka yi kan gashinsa, wanda aka wallafa a 2023, ya gano yana ɗauke da cutar hanta nau'in B, kuma ya gaji haɗarin ciwon hanta.

Daga takarda zuwa faifai

Ya rasu shekara 50 kafin Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar sauti a 1877. Abin da ya bari takardu ne da lambobi, kuma jagorori da yawa da suka zo bayansa sun ga lambobin sun yi sauri ainun. Wasu suka ce na'urarsa ce ta lalace. Wasu suka ce kurma na jin kiɗa ne a cikin kansa, inda babu nauyin goge ko amsa-kuwwar zaure. A 2020 wasu masu bincike a Sifaniya suka kawo hasashen cewa wataƙila ya riƙa karanta lambar ne ta gefen da ba daidai ba na ɗan nauyin da ke jikin sandar.

A 1913 Arthur Nikisch da makaɗan Berlin suka naɗi na biyar. Ba a amfani da makirfo wajen naɗar sauti a lokacin, sai makaɗa su cunkushe a gaban wani babban ƙaho, kuma faifan garmaho minti huɗu zuwa biyar kawai yake ɗauka a kowace fuska. Jagoran da ya fara naɗar dukkan taran shi ne Felix Weingartner, wanda ya kammala a ƙarshen shekarun 1930.

Daga nan aka samu tsagi biyu. Arturo Toscanini ɗan Italiya, da ke jagorantar makaɗan gidan rediyon NBC a Amurka, ya fi son kiɗa mai kaifi da sauri, yana manne wa abin da ke rubuce. Wilhelm Furtwängler na Jamus kuwa yakan ja ya sassauta gwargwadon yadda ya ji a ransa a wannan dare. Na taran da ya jagoranta a garin Bayreuth a 1951 ya ɗauki kimanin minti 74.

Herbert von Karajan ya naɗi dukkan taran har sau huɗu tsakanin shekarun 1950 da 1980. Wanda ya yi da makaɗan Berlin a 1961 da 1962, kamfanin Deutsche Grammophon ya sayar da shi cikin akwati guda, abin da ya taimaka wajen yaɗa al'adar sayen simfonin mutum ɗaya gaba ɗaya. Siyasa ma ta bi faifan: Karajan ya shiga jam'iyyar 'yan Nazi, Furtwängler ya ci gaba da aiki a Jamus a mulkin Hitler, shi kuwa Toscanini ya ƙi.

Akwai labarin da aka fi yaɗawa cewa lokacin da kamfanonin Sony da Philips ke tsara faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, an zaɓi minti 74 ne domin na taran ya shiga faifai ɗaya. Ɗaya daga cikin injiniyoyin Philips da suka yi aikin, Kees Immink, ya nuna cewa gasar kasuwanci tsakanin kamfanonin biyu ta fi taka rawa a zaɓin.

Komawa ga lambobin marigayi

A shekarun 1980 wasu jagorori suka yanke shawarar gwada lambobin kamar yadda suke. Roger Norrington na Birtaniya, sannan John Eliot Gardiner wanda nasa ya fito a 1994, sun yi amfani da kayan kiɗa irin na zamanin Beethoven: goge mai tsirkiyar hanji, ƙaho marar maɓalli, da makaɗa kaɗan. Sai ya bayyana cewa da irin waɗannan kaya marasa nauyi, yawancin lambobin na yiwuwa. Na taran Gardiner kusan minti 60 ne, alhali wanda Karl Böhm ya naɗa a Viyana a 1980 ya kusa minti 79.

Wani masani, Jonathan Del Mar, ya koma ga rubutun hannun Beethoven da kwafe-kwafen farko ya gyara kurakuran da suka shige cikin bugu tsawon shekaru, ya fitar da sabon bugu tsakanin 1996 da 2000. Riccardo Chailly kuma ya nuna da makaɗan Leipzig, a faifan da ya fito a 2011, cewa ko da kayan zamani ana iya bin saurin.

Wannan ne ya sa masu tara faifai ba sa tsayawa a kan akwati guda. Mai son gwadawa ba ya buƙatar ilimin kiɗan Turai. Ya isa ya saurari minti biyu na farko na simfoni na biyar a hannun Toscanini, sannan Furtwängler, sannan Gardiner. Sautuka huɗun nan da ke buɗe shi, uku gajeru ɗaya dogo, a wajen wani suna fitowa kamar bugun ƙofa cikin gaggawa, a wajen wani kuma kamar saukar guduma.

Kiɗan ya yi tafiyar da mai shi bai yi ba. Kashin farko na simfoni na biyar, wanda Otto Klemperer ya jagoranta, yana cikin faifan zinare da kumbon Voyager na Amurka ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Karin kashin ƙarshe na na tara ya zama taken Tarayyar Turai a 1985. A Kirsimetin 1989, makonni bayan faɗuwar katangar Berlin, Leonard Bernstein ya jagoranci na taran a birnin, ya musanya kalmar farin ciki da kalmar 'yanci. A 2001 hukumar UNESCO ta sa rubutun hannunsa cikin kundin abubuwan tarihin duniya.

A shekarar 2027 Beethoven zai cika shekara 200 da rasuwa. Lambobin da ya bari suna nan a saman takardun, kuma duk jagoran da ya ɗaga sanda sai ya zaɓi ko ya bi su ko ya bi kunnensa.